Katin da Muka Binne da Shi

Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana don ta yi daɗi. In kin ga na yi shiru, kuka ne ya zo, ki ɗan jira ni. Ni ban taɓa shiga aji ba, shi ya sa na roƙe ki, sakatariyar zumuntar matan cocinmu, ki zo da biro da takarda. Ina so jikokina su san dalilin da ya sa kabarin kakansu ba shi da siminti. Kada wata rana, bayan ba ni, wani ya ce musu na ci kuɗin ne, ko na manta da shi.

Maigidana ma'aikacin reluwe ne, cikin masu gyaran layin dogo a nan Kafanchan. Da jirgi ya daina zuwa kamar da, sai ya koma noman citta, ni kuma ina taya shi. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu kwana da yunwa ba. 'Ya ɗaya ce ta rage mana, tana aure a Kujama.

Wata Lahadi bayan sujada, mutanen wani banki suka kafa lema a harabar coci suna buɗe wa mutane asusu. Maigidana ya ja ni gefe ya ce, “Maman yara, da sunanki za mu buɗe. Na girme ki, ni zan riga ki tafiya. Ba na so ki tsaya gaban 'yan'uwana kina roƙon abin da kika yi wa gumi.”

Na ce, “Wa ya gaya maka kai za ka riga? Mugun mutum ba ya saurin mutuwa.”

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Na dangwala yatsa a inda aka nuna mini, aka ɗauke ni hoto. Lambar wayarsa aka sa, tunda ni ba ni da waya. Da kati ya fito, shi ya riƙe, domin ni ko an kai ni gaban injin cire kuɗi ban san abin da zan danna ba. Duk kaka in mun sayar da citta, sai ya kai wani abu ya ajiye. Yakan ce na ranar wuya ne.

An taɓa zare masa walat a kasuwa, tun daga nan ya tsorata da aljihu. Sai na ɗauki baƙar kwat ɗinsa, wadda yake sawa zuwa coci da banki, na ɗinka masa ƙaramin aljihu a ciki, can ƙarƙashin shafi, daidai ƙirjinsa na hagu. Ko ka laluba ba za ka ji ba. Nan katin yake kwana. Daga ni sai shi muka sani.

Da ciwo ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya rubuta magani mai tsada. Ya ce ranar wuyar ta zo. Ya sa kwat, ya hau okada, ya tafi wurin injin. Ya dawo da rana tsaka hannu wofi, yana haki. Ya ce injin ya yi ƙara kamar yana ƙirga kuɗi, bai fito da komai ba, amma waya ta yi kuka cewa an cire. Ya shiga cikin bankin ya yi magana, suka ce ya jira kwanaki kaɗan, kuɗin zai koma da kansa. Ya rataye kwat a ƙusa, ya kwanta. Muka sayar da akuya muka sayi rabin maganin. Bai sake sa kwat ɗin da ransa ba.

A wurinmu maza ne ke wanke gawar namiji su sa masa kaya. Matar mamaci tana ɗaki, mata sun kewaye ta, ba a tambayarta komai. Ƙannensa suka duba ƙusa suka ga kwat mafi kyau da yake da ita, suka sa masa. Da aka fito da ni in yi masa kallon ƙarshe, na gan shi cikinta. Har na sa hannu na gyara masa wuyan rigar, domin ya karkace. Yatsuna sun wuce ta kan aljihun nan. Amma a ranar, ko an tambaye ni sunana ba zan iya faɗa ba, balle kati. Aka rufe akwati, aka sa shi a bayan gida, kusa da itacen mangwaro, inda mahaifinsa yake.

Ba a gina kabari da ɗanyar ƙasa. Sai damina ɗaya ta wuce a kansa, ƙasa ta zauna, sannan a kira birkila ya jera bulo ya shafe da siminti, a rubuta suna da ƙusa kafin ya bushe. Ranar nan fasto yakan zo ya yi addu'a, a dafa gwate a ci, daga nan a ce an gama wa mutum hidimarsa. Maigidana da hannunsa ya gina na mahaifinsa. Ya sha gaya mini, “Ni ba na son tayil, ba na son ado. Siminti kawai, don kada ruwa da awaki su mai da ni hanya.” Saboda haka na ce a raina, abin da ke banki nasa ne. Ba zan taɓa ba, ko da zan ci tuwo ba miya. Na bar shi can ya huta har lokaci ya yi.

Wayarsa tana hannuna. Ina kai wa maƙwabta su sa mini caji. Lokaci lokaci takan yi ɗan kuka, haske ya kama. Ban iya karatu ba, ban kuma kai wa kowa ya duba ba. Gaskiya ba na so ma a duba. In ta yi kukan nan sai in ji kamar har yanzu akwai masu nemansa a duniya. Nakan ce, “Baban yara, ga shi ana gaishe ka.” In mayar da ita ƙarƙashin matashi.

Shekarar da ta biyo, citta ta ruɓe a cikin ƙasa, tawa da ta mutane da yawa. Ban sami ko iri ba. Sai na koma aikin lada a rumfar wata Hajiya mai sayen citta, wadda muka san juna tun muna 'yan mata a kasuwa. Mata mukan zauna a ƙasa, tulin citta a gaba, muna tsagawa da wuƙa a shanya. Abin da nake ci ke nan.

Da damina ta wuce, ƙasa ta zauna, na yi magana da birkila, ya faɗi yawan siminti da bulo da yashi. Na yi wanka, na ɗaura zanen zumunta, na tafi banki. A hanya ne, a bayan okada, na tuna da kati. Na tuna inda yake. Sai da na riƙe rigar mai okada don kada in faɗi.

Ƙofar bankin irin wadda take rufe mutum a ciki ce, ta yi magana da Turanci, in yana ɗauke da ƙarfe ta dawo da shi. Ta dawo da ni har na gaji, sai da mai gadi ya karɓi makullin ɗakina ya ajiye. Na sami layi, na zauna tare da tsofaffi 'yan fansho tun safe har rana ta take. Da aka zo kaina, wata yarinya ce a teburin, mai fara'a, ba za ta wuce sa'ar jikata ba.

“Sannu Mama. Me za a yi miki?”

“Kuɗina na zo ɗauka, 'yata. Duka.”

Na ba ta katin zaɓena da wayar. Ta danna, ta danna, ta faɗi abin da ke ciki. Na ce ta sake faɗa. Ko rabin abin da maigidana ya gaya mini bai kai ba.

Na ce, “Ba wanda ya taɓa. Mai taɓawar yana ƙasa.”

Ta ce bari ta buga mini takarda in gani. Ta buga, ta riƙa bi da biro tana karanta mini. Babban da ya fita shi ne na ranar da injin ya hana shi kuɗin magani. Bai taɓa komawa ba. Sauran ƙanana ne, amma sun jeru kamar tururuwa. Wannan kuɗin kula da asusu. Wannan kuɗin inshora, wai tun ranar lema aka sa mu a ciki. Wannan haraji a kan waɗanda aka cire. Wannan kuɗin saƙo.

“Wane saƙo?”

“Wanda ake turowa a waya, Mama. Duk lokacin da aka cire wani abu ana sanar da ke.”

“Wato in sun cire, sai su gaya mini sun cire, sai su cire kuɗin gaya mini?”

Wani tsoho ɗan fansho da ke bayana ya ce, “Mama, yi a hankali. Waɗannan ko sannu kika ce musu sai sun cire na amsawa.”

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ina tuna yadda nake rungume wayar nan ina cewa ana gaishe shi. Ashe duk kukan da ta yi, ɗan simintinsa ne ake gutsura.

Yarinyar ta ce, “Wannan kuma kuɗin kula da kati ne.”

Na ce, “Wa ke kula da shi? Ni ce nake share wurin kowace safiya.”

Ba ta gane ba. Ta ce ana iya shigar da ƙara a kan kuɗin injin, a nemi a maido, amma sai na kawo katin da aka yi amfani da shi. “Yana ina, Mama? A gida?”

“A gida yake. A bayan gida. Yana ƙirjin mai shi.”

Na gaya mata labarin aljihun. Ta ajiye biro, ta rufe baki da hannu. Tsohon nan na baya ya cire hularsa, bai sake wasa ba. Ta shiga ciki ta dawo ta ce sai in je kotu in yi rantsuwa cewa kati ya ɓata, in kawo takardar. Kafin in fita daga bankin wayar ta yi kuka a cikin zanena. Na koma na nuna mata. Ta sunkuyar da kai ta ce kuɗin buga takardar ne.

Washegari na je kotu. Akwai wani akawu a ƙaramin ofis, shi ke rubuta wa mutane rantsuwa. Ya ce, “Ɓata ya yi, ko sace shi aka yi, ko lalacewa ya yi? Zaɓi ɗaya, Mama.”

“Ko ɗaya. Na san inda yake.”

“To ki je ki ɗauko mana.”

“Ba ya ɗaukuwa.”

Da ya ji bayani ya ce, “Mama, ki ce ya ɓata kawai. Kowa haka yake cewa. Jiya wani ya rantse nasa ya ɓata, ina hango shi a aljihun gabansa.”

Na ce, “Ɗana, Littafi Mai Tsarki za ka ɗora mini a hannu. Tsufana ya kai inda zan gamu da mai Littafin ba da daɗewa ba. Rubuta abin da ya faru.”

Ya yi tsaki, ya ce 'yan banki za su dawo da ni, amma ya rubuta. Na biya shi, na biya na hatimi, kuɗin tsagar citta na kwana da kwanaki. Na koma banki, aka shigar da ni wurin manaja. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi mini gaisuwar rashi da ladabi. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, amma zai karɓa. Ya ce saura abu ɗaya mai sauƙi, in ɗora yatsa a kan na'ura ta shaida ni ce, daga nan a ba ni sabon kati, a shigar da ƙarata, in ɗauki abin da ya rage. Har na ce Ubangiji ya ji kukana.

Na'urar ƙarama ce, da ɗan gilashi a sama. In ta san mutum takan nuna kore. Na ɗora babban yatsa, ta nuna ja. Yarinyar ta ce in goga a goshi. Ja. In goga a gashi. Ja. Ta goge mini da auduga da wani ruwa mai sanyi. Muka bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu. Sai ta juya tafin hannuna ta duba a haske.

“Mama, wane aiki kike yi?”

“Tsagar citta.”

“Zanen yatsunki ya shafe. Babu komai a nan.”

Na duba, na ga gaskiyarta. Wanda bai yi aikin ba ba zai sani ba. Kana riƙe citta da hagu, kana tura wuƙa da dama, bakin wuƙar yana sauka a kan babban yatsa. Ruwan cittar yana da zafi, yana cin fata, ga yashi, ga ruwan wanki. Tun ina taya maigidana abin ya fara, amma lokacin da na dangwala a ƙarƙashin lema da sauran zane. Aikin lada na kullum ne ya ƙarasa shi. Yatsuna sun yi sumul kamar bayan cokali.

Manaja ya ce akwai dabara. In huta da hannun, kada in taɓa wuƙa, kada in taɓa omo, in riƙa shafa man kaɗe safe da yamma na wata biyu ko uku. Ya ce ya ga mata da yawa da zanensu ya dawo.

Lokacin kuwa tsakiyar kakar citta ne. Aikin tsaga ba ya wuce waɗannan watannin. In ya wuce, sai baɗi.

Na je na gaya wa Hajiya. Tana kan buhu tana duba awo. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Wato kin zama matar gwamna ke nan? Sai a nemo miki mai yi miki fifita.”

Matan rumfa suka fashe da dariya. Wata ta ce in na gama a ba ta aron hannun ta je biki da shi.

Hajiya ta sauko ta ja ni bayan rumfa, ta rage murya. “Yaya, ki ji maganata. Ni na san bankin nan, da su nake kwana da su nake tashi. Abin da ya shiga cikinsu ba ya fitowa da sauƙi. Ki zauna ki yi aikinki. In kin daure kakar nan, za ki sayi siminti buhu ɗaya ko biyu, baɗi ki ƙara. A hankali za ki rufe kabarin.”

Na ce, “Hajiya, guminsa ne. Kuɗin maganin da aka hana shi ne. Da injin ya ba shi ranar nan, wa ya sani?” Kuka ya hana ni ƙarasawa.

Ta ce, “To Allah ya sa ki dace. Amma citta ba ta jiran kowa.” Da yamma ta aiko mini da masara da kwalbar man kaɗe.

Haka na zauna. Ni da ban taɓa sanin zaman banza ba, na zauna a bakin ƙofa da hannuwa a cinya suna ƙyalli. In zan kwanta sai in shafa mai in sa tsofaffin safar maigidana a hannu. 'Yata ta zo daga Kujama ta yi mini girki da wanki na ɗan lokaci, amma tana da nata yara, ta koma. Matan zumunta suka riƙa kawo mini abinci bi da bi, ke ma kin kawo. Da safe ina jin muryoyin matan rumfa suna wucewa da wuƙaƙensu, suna kira, “Matar gwamna, an tashi lafiya?” In amsa musu da dariya, in sun wuce in yi kuka. Kowace rana ina ɗaga yatsa a hasken rana ina neman zane. Wata rana in ga kamar ya fito, wata rana in ga babu. Wayar kuma tana ta kukanta. Yanzu na san ma'anarsa.

Da aka kwashe citta ta ƙarshe daga shanya, rumfar Hajiya ta koma wofi, na shirya na koma banki. Hannuna ya yi laushi kamar na jariri. Mai gadi ya gane ni, ya karɓi makulli tun kafin ƙofa ta kore ni. Yarinyar ta yi murna da ganina, ta riƙe hannuna ta ce, “Yau kam za a dace, Mama.”

Babban yatsa, ja. Na kusa da shi, ja. Muka bi su duka. Da muka zo ƙaramin yatsan hagu, wanda ba ya taɓa wuƙa, sai ga kore. Yarinyar ta yi tsalle ta ce, “Ya kama!” Ta juya wurin kwamfuta, ta tsaya. Wani abu yana ta juyawa a gilashin. Ta ce sabis ya ɗauke. Muka jira har aka kusa tashi. Da ya dawo, ta ce sai an sake. Na ɗora ƙaramin yatsan nan har ya yi zafi. Bai sake nuna kore ba, ranar nan ko sauran ranakun da na koma.

A zuwana na ƙarshe manaja ya zaunar da ni ya ba ni ruwa. Ya ce fatar tsoho ba kamar ta yaro ba ce, wani lokaci zanen ba ya dawowa. Ya ce sai in sami takardar likita, in je babban ofishinsu a Kaduna, su aika can sama, a jira amsa. Game da kuɗin injin, ya ce ya bincika da kansa. Injin na wani banki ne, su kuma sun ce a lissafinsu kuɗin ya fita, kuma lokacin ƙara ya daɗe da wucewa.

“Ya fita ya je ina? Na ga hannunsa da ya dawo.”

“Na yarda da ke, Mama. Amma ba ni da abin da zan nuna musu.”

Sai ya ce yana da labari mai daɗi. Ya rubuta wa manyansa, sun amince a maido mini kuɗin inshorar nan da wani ɓangare na kuɗin saƙo, domin ba a yi mana bayani ba. Ya juyo da kwamfuta yana nuna mini, kamar zan iya karantawa. Ya ce ya riga ya shiga.

Na miƙa hannu na ce, “To a ba ni.”

“Yana cikin asusun, Mama.”

“A ciro.”

“Sai da yatsa.”

“To a rufe asusun, a daina yanka.”

“Shi ma sai da yatsa.”

“A daina turo saƙon, ko shi kaɗai.”

Ya duba tebur. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Yarinyar ma ta raka ni har ƙofa, idonta ya cika, ta cusa mini kuɗin okada daga jakarta. Kafin in kai titi wayar ta yi kuka. Saƙon maido da kuɗin ne, kuma na san shi ma za a cire nasa.

'Yata ta shiga Kaduna daga Kujama ta tambaya. Suka ce mai duba irin wannan ya tafi hutu, kuma dole mai asusun ta zo da kanta, watakila fiye da sau ɗaya. Muka lissafa kuɗin mota da na likita, muka ga ya fi abin da aka maido. Kuma ba wanda ya ce tabbas za a yi. Na koma wurin birkila, ya ce siminti ya yi tsadar da ko an ba ni duk abin da ya rage yau, ba zai kai ba. Kakar citta ta wuce ban sake tsaga ko ɗaya ba. Hajiya ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ruwan farko na bana ya zo da ƙarfi, irin na garin nan da ba ya sallama. Da ya ɗauke na zagaya baya. Kabarin mahaifinsa yana nan daram, ruwa ya wanke shi tas. Na maigidana ya zabtare ta gefe ɗaya, rami ya buɗe daidai wajen ƙirjinsa. Na durƙusa cikin laka na sa hannu in ji zurfinsa. Hannuna ya shige har gwiwar hannu. Sai na ji a raina, katin nan da aka yi ta tambayata, ga shi nan kusa, tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba, cikin ɗinkin da na yi da zarena. Na zare hannuna da sauri. Na zauna a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka sa shi. Na ce, “Baban yara, ka yafe mini. Abu ɗaya ka roƙa.”

Na cike ramin da ƙasa. Ruwa na biyu ya kwashe.

Yanzu abin da nake yi, in gari ya waye, nakan ɗauki ƙaramin kwano in bi tsohon layin dogo, inda ciyawa ta rufe ƙarfe. Akwai duwatsun nan da ake zubawa a ƙarƙashin layi, waɗanda suka gangaro cikin kwata. Na tambayi tsohon mai gadin tasha, ya ce in kwashi na kwata, ba mai nemansu. Watakila ma wasu maigidana ne ya zuba su da shebur ɗinsa. Ina ɗaukar abin da wuyana zai iya, in kawo in jera a gefen da ruwa ke ci. Ba sa hana ruwa shiga, suna dai rage masa gudu. Ba wurin rubuta suna a kansu. Fasto ya ce zai zo ya yi addu'a ko a haka, na ce ya bari tukuna, ban san me nake jira ba.

Duwatsun sun farfasa mini hannu, laushin nan duk ya tafi. In Ubangiji ya kai ni kaka zan koma rumfar Hajiya, in idona da bayana sun yarda. Ban sani ba ko zan tara na siminti buhu ɗaya kafin a sa ni kusa da shi.

Wayar tana nan. 'Yata ta ce in kashe ta in huta, tunda ko na kashe ba za su daina cirewa ba. Na kasa. Ina so in sani ranar da za ta yi shiru, domin ranar nan ce abin da ya tara ya ƙare. Shekaranjiya ina jera duwatsu ta yi kuka a cikin zanena. Na tsaya da dutse a hannu har hasken ya mutu, sannan na ajiye shi a wurinsa, na ɗauki kwano na koma layi.

Ki tsaya nan. Ki karanta mini daga farko in ji ko kin sa maganar kwat ɗin daidai.